Idan kamfani ya karye, wa zai fara ɗiba? Fashin baƙi kan haƙƙin mai jingina

Ranar da kamfani ya karye, bakin ƙofarsa cika yake yi da masu bin bashi. Ga banki, ga ma'aikatan da suka yi wata huɗu ba albashi, ga hukumar haraji, ga dilan da ya kawo kaya a kan za a biya shi ƙarshen wata, ga mai tirelar da ya yi dako. Kowa da gaskiyarsa, amma abin da ya rage ba zai ishi kowa ba. Da zai isa, ai da ba a ce kamfanin ya karye ba. Shi ya sa doka ta jera su sahu-sahu, ta sa mai jingina a gaba, wato wanda ya ba da bashi ya kuma ɗaure wata kadarar kamfanin da bashin nasa. Sai dai jingina suna ce ta tara. Akwai wanda zai shekara biyar yana ganin shi ne a sahun farko, sai ranar rabo ya tarar takardar da ke hannunsa ba ta raba shi da mai bin bashin baki, wanda bai riƙe wata jingina ba.

A Najeriya dokar da ke tafiyar da wannan fage ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ranar 7 ga Agusta 2020, ta maye gurbin ta 1990. Shari'ar rufe kamfani kuwa hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulki. Ma'aunin karyewa da aka fi amfani da shi yana sashe na 572 na CAMA: mai bin bashi ya kai wa kamfani takardar neman biya a ofishinsa, mako uku ya wuce bai biya ba, bai kuma kawo wani tsari da mai bashin ya gamsu da shi ba. Tsohuwar doka ta sa mafi ƙarancin bashin a naira 2,000, ta 2020 ta ɗaga shi zuwa naira 200,000, sannan gyaran 2023 ya bar wa Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ikon ƙayyade adadin.

Kafaffiya da mai shawagi

Jinginar da kamfani ke bayarwa iri biyu ce, kuma kusan duk rigimar da za ta biyo baya daga wannan rabuwar take tasowa.

Ta farko ita ce kafaffiyar jingina. Ana ɗora ta kan kadara sananniya wadda za a iya nunawa da yatsa: fili mai lamba kaza, ginin masana'anta, injin casar shinkafa mai lamba kaza, hannun jari a wani kamfani. Daga ranar da aka ƙulla ta, kamfani ba shi da ikon sayar da kadarar ko sake jinginar da ita sai da yardar mai bashi. Sashe na 207 ya faɗa ƙarara cewa mai kafaffiyar jingina yana gaban duk sauran basussukan kamfanin, har da waɗanda doka ta ba fifiko irin su albashi da haraji.

Ta biyu ita ce jingina mai shawagi. Kamfanin da ke saye da sayarwa ba zai yiwu ya riƙa neman izinin banki kan kowane buhu da zai fita daga sito ba. Don haka kotunan Ingila, tun wajen 1870, suka amince da jinginar da ke rufe rukunin dukiya gaba ɗaya, kamar hajar sito, ɗanyen kaya, da kuɗin da kamfani ke bin abokan cinikinsa, ba tare da ta hana kamfanin juya su ba. Kamar shirwa take, tana kewaya sama, kaji na kiwonsu a ƙasa. Tana sauka ne idan mai bin bashi ya naɗa risiba, wato mutumin da zai karɓi kadarorin kamfanin, ko ya karɓe kayan bisa ikon da yarjejeniya ta ba shi, ko kotu ta naɗa risiba, ko aka shiga rufe kamfanin. Abin da ta tarar a ranar shi ne nata. Rauninta ke nan: kamfanin da ya ga ruwa ya kusa cinye shi yakan karyar da haja don ya samu na biyan albashi, kafin shirwa ta sauko sito ya zama wayam.

Tana da rauni na biyu. Sashe na 204 ya ce kafaffiyar jingina tana gaban mai shawagi a kan kadara ɗaya, ko da mai shawagin ce ta riga zuwa. Mafita guda ce: a rubuta a yarjejeniyar mai shawagin cewa an hana kamfani ba da wata jinginar da za ta sha gabanta, kuma wanda ya zo daga baya ya san da wannan hanin. A da, tabbatar da cewa ya sani shi ne jidali. Dokar 2020 ta sauƙaƙa: in an yi wa hanin rajista a CAC, ana ɗauka kowa ya sani. Lauyan bankin da ya cike fom bai nuna hanin ba ya yi wa wanda ya ɗauke shi aiki babbar ɓarna.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne zaton sunan da aka rubuta a takarda shi ne hukunci. Banki zai rubuta "kafaffiyar jingina a kan kuɗin da kamfani ke bin mutane", sannan ya bar kamfanin yana karɓar kuɗin yana kashewa yadda ya ga dama. Kotu halin da ake ciki take dubawa. A shari'ar Spectrum Plus ta 2005, kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta ce muddin kuɗin ba a wani asusu na musamman da banki ya kulle suke shiga ba, jinginar mai shawagi ce, ko me aka kira ta. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan kotunan Najeriya, amma suna ba shi nauyi sosai a dokar kamfanoni, tunda tushen ɗaya ne.

Takardun da ke raya jingina ko su kashe ta

Nan ne ya kamata a daɗe, don a nan aka fi yin asara.

Sashe na 222 ya wajabta a kai bayanan jingina CAC cikin kwana 90 daga ranar da aka ƙulla ta. In ba a yi ba, jinginar ta ɓaci a gaban jami'in rufe kamfani da duk wani mai bin bashi. Bashin kansa bai mutu ba, hasali ma nan take yake zama abin biya, amma ya koma bashin baki. Nauyin rajistar a kan kamfani doka ta ɗora shi, sai dai ta ba duk mai ruwa da tsaki damar yi da kansa, kuma mai hankali ba ya barin wanda yake bi bashi ya riƙe masa wannan igiyar. Wanda ya makara zai iya roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, amma yawanci kotu kan ba da shi ne da sharaɗin ba zai taɓa haƙƙin wanda ya shigo a tsakani ba, kuma da an fara rufe kamfani ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. A da tsadar rajista ce uzurin mutane. Yanzu doka ta ce kuɗin da CAC za ta karɓa kada ya wuce kashi 0.35 cikin ɗari na darajar jinginar, uzurin ya ragu ƙwarai.

Sai harajin hatimi, wato kuɗin da ake biyan gwamnati don a buga wa takardar yarjejeniya hatimi. Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a manyan basussuka: a ba da naira biliyan ɗaya, amma a buga wa takardar hatimin miliyan 200 don rage kuɗin haraji, da niyyar za a cika ragowar in an ga alamar matsala. Doka ba ta hana ba, amma ta ce jinginar iyakarta adadin da aka biya wa hatimi aka kuma rubuta a rajista. Abin da ya haura wannan ba shi da jingina har sai an biya ƙarin an gyara rajistar, kuma dole a yi hakan kafin a fara rufe kamfanin. Matsalar ita ce lissafin fara rufewa daga ranar da aka shigar da ƙara yake, ba daga ranar da alƙali ya yanke hukunci ba. Wani ɗan ƙaramin mai bashi zai iya shigar da ƙara ranar Litinin, babban banki bai ji labari ba sai Alhamis, alhali miliyan 800 nasa na waje.

In kadarar fili ce ko gini, akwai ƙarin mataki mai cin rai. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, sashe na 22, ta ce ba a jinginar da filin da ke da takardar mallakar jiha sai da amincewar gwamna, a Abuja kuma minista. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa wannan ɓatacce ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar banki saboda rashin wannan amincewa, alhali wanda ya kawo ƙarar shi ne wanda ya jinginar da gidan, shi ne kuma doka ta ɗora wa neman amincewar. Hukuncin ya girgiza bankuna. Daga baya kotun ta sassauta a wasu shari'o'in, ta ce ana iya sa hannu a yarjejeniya kafin amincewa ta fito, kuma mutum ba zai ci ribar laifin kansa ba, amma a shari'ar Union Bank da Ayodare ta 2007 ta sake soke wata jinginar kan batun amincewa. Wanda ya ba da kuɗinsa bai kamata ya zauna yana canki-canki kan wane layi alƙali zai bi ba. A nemi amincewar, a biya hatimi, a yi rajista a ofishin filaye na jihar, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sannan a kai CAC. Karɓar takardar fili kawai a jefa a durowa, kamar yadda ake yawan yi tsakanin 'yan kasuwa, tana ba da wani ɗan haƙƙi, amma mai ita ba zai iya sayarwa ba sai da umarnin kotu, kuma in kamfani ne ya bayar, ita ma tana buƙatar rajistar CAC.

Kayan da ake iya ɗauka kuwa, motoci, injina, dabbobi, amfanin gona, suna da nasu kundin. Dokar jinginar kadarori masu motsi ta 2017 ta tsayar da Rajistar Jingina ta Ƙasa a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, inda fifiko ke bin wanda ya riga yin rajista. Wannan doka da CAMA ba su gama daidaita tsakaninsu ba, don haka abin da ƙwararru ke yi in kamfani ne mai cin bashin shi ne su bincika wannan kundin da na CAC kafin ba da kuɗi, su kuma yi rajista a duka biyun.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce jingina halal ce amma ba ta cika sai da riƙo, kuma a mazhabar Malikiyya wanda bai karɓi abin jinginar a hannu ba har mai cin bashin ya tsiyace ko ya mutu, daidai yake da sauran masu bin bashi. Dalilin ɗaya ne: kada a yaudari waɗanda suka ba mutum bashi suna ganin dukiyar a hannunsa. Tunda ba a iya ɗaukar masana'anta a kai gidan banki, rajista ce ta tsaya a matsayin riƙon.

Lissafin rabo

A ɗauki misali, wani kamfanin casar shinkafa da ba shi da suna. Bankin farko na bin sa naira miliyan 800, da kafaffiyar jingina kan fili da injina. Banki na biyu na bin miliyan 300, da jingina mai shawagi kan haja da kuɗin da ke hannun diloli kawai. Albashi, fansho da haraji sun taru miliyan 120. Masu kawo shanshera na bin miliyan 400, ba su riƙe komai ba sai rasit. Bayan cire kuɗin aikin sayarwa, fili da injina sun kawo miliyan 650, haja da basussukan diloli miliyan 260.

Bankin farko zai kwashe 650 ɗinsa cas, ragowar 150 ya bi sahun marasa jingina. Daga 260 ɗin, bisa tsarin da aka saba, za a fara cire 120 na masu fifiko da sashe na 657 na CAMA ya lissafa, wato harajin da ya taru, kuɗin fansho da aka cire ba a tura ba, albashi da kuɗin hutu. Banki na biyu ya samu 140, ana bin sa da giɓin 160. Masu shanshera ba su samu ko kwabo ba.

Yanzu a ce bankin farko bai yi rajista cikin kwana 90 ba. Miliyan 650 ta faɗa tukunyar kowa. A cire 120 na masu fifiko, saura 530. Banki na biyu ya riƙe 260 ɗinsa gaba ɗaya, tunda masu fifiko ba sa taɓa dukiyar jingina mai shawagi sai in tukunyar ta kasa. Masu raba 530 su ne bankin farko da 800, masu shanshera da 400, banki na biyu da giɓin 40, jimla 1,240. Kowace naira za ta samu kusan kwabo 43. Bankin farko ya tashi da kimanin miliyan 342 maimakon 650. Fom guda da ba a kai CAC ba ya ci fiye da miliyan 300.

Akwai wani ƙulli a sashe na 657 da ya kamata a sani. Wani ɓangarensa ya riƙe tsohuwar ƙa'ida cewa masu fifiko na gaban mai jingina mai shawagi. Amma dokar 2020 ta ƙara wani ƙaramin sashe da ya ce masu jingina na gaban kowa wajen rufe kamfani, har da masu fifiko da kuɗin aikin rufewar, ba tare da ta ware mai shawagi ba. Lauyoyin bankuna na karanta shi ta fuskar da ta yi musu daɗi. In aka bi su, a lissafin farko banki na biyu zai kwashe 260 duka, ma'aikata su tashi hannu rabbana. A ganinmu karatun da ya fi dacewa shi ne wanda ya bar wa kowane ɓangare aikinsa, don da majalisa ta so soke kariyar ma'aikata da ta goge tsohuwar ƙa'idar maimakon ta sake rubuta ta. Amma duk wanda ke lissafin abin da zai samu ya lissafa ta fuska biyun.

Yadda ake karɓar haƙƙin

Hanya mafi sauri ita ce sayar da kadarar ba tare da zuwa kotu ba, in yarjejeniyar cikakkiyar jingina ce mai hatimi. A jihohin Arewa da yawa tsohuwar dokar Ingila ta 1881 ce har yanzu ke ba da wannan iko, kuma ta sa sharaɗi: a ba da sanarwar neman biya wata uku ya wuce, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an karya wani alkawari na yarjejeniyar. Bankuna kan rage waɗannan wa'adin a cikin takardarsu, don haka takardar za a fara karantawa. Mai sayarwa dole ya yi da gaskiya. Ba zai sayar wa kansa ko yaronsa ba, ba zai haɗa baki da mai saye a karya farashi ba, kuma abin da ya haura bashinsa da kuɗin aiki ba nasa ba ne, na mai jingina na biyu ne ko na kamfani. Kawo 'yan daba a kulle masana'anta, ko sa 'yan sanda su kama darakta, ba ya cikin haƙƙin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma irin wannan ne ke ba wanda ake bi damar juyowa ya nemi diyya.

Hanya ta biyu ita ce naɗa risiba, mutumin da zai karɓi kadarorin, in an ba shi ikon gudanarwa ya ci gaba da tafiyar da kasuwancin har a samu mai saye. Da zarar an naɗa shi kan dukkan dukiyar kamfani ko mafi yawanta, ikon daraktoci a kan wannan dukiya ya tsaya. Dole ya sanar da CAC cikin kwana 14, kuma tun 2020 ba kowa ke yin aikin ba: sai mai digiri a lauya ko akanta ko makamancinsu, da gogewar shekara biyar, da izinin CAC. Ko da yake mai bashi ne ya kawo shi, doka ta ɗora masa amanar kamfanin ma. Amfanin risiba shi ne masana'antar da ke aiki ta fi wadda aka kulle tsada nesa ba kusa ba. Illarsa kuwa ana iya shiga a kasa fita. AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen rubabbun basussukan bankuna, ta naɗa wa kamfanin jiragen Arik risiba a Fabrairun 2017, shekaru suka yi ta wucewa kamfanin na hannun risiba.

Ta uku ita ce jinginar hannun jari, wadda mutanen Arewa suka ga aikinta da idonsu. Waɗanda suka sayi kashi 60 cikin ɗari na kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013 da bashin banki suka saya, suka jinginar da hannun jarin. A Yulin 2022 bankin Fidelity ya yi amfani da wannan haƙƙi a kan kamfanonin Kano, Kaduna da Benin, aka sauya hukumomin gudanarwarsu. Ba a sayar da taransifoma ko guda ba, domin ba kadarar kamfanin aka jinginar ba, mallakarsa aka jinginar. Haka aka yi da Etisalat ta Najeriya a 2017 kan bashin dala biliyan 1.2 na bankuna 13, sai dai a can Babban Banki da hukumar sadarwa NCC sun shiga tsakani don kada layukan miliyoyin mutane su mutu, kamfanin ya koma 9mobile. A harkokin da gwamnati ke ba da lasisi, haƙƙin mai jingina ba ya tafiya sai hukumar da ke sa ido ta ɗaga masa ƙafa. Bankuna da kansu kuwa in sun karye tsarinsu daban ne, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ce ke rufe su.

Inda ake ɗaure hannun mai jingina

Babban sabon abu a dokar CAMA ta 2020 shi ne tsarin ceto, inda ake naɗa wa kamfani wani jami'i da za mu kira kantoma. Kotu na iya naɗa shi, kamfani ko daraktocinsa na iya, haka ma mai jingina mai shawagi da ta rufe dukkan dukiyar kamfani ko mafi yawanta. Wannan ne ya sa bankuna ke haɗa jinginar biyu a takarda ɗaya: kafaffiya don fifiko, mai shawagi don samun bakin magana kan wa zai riƙe kamfanin. Sashe na 444 ya jera wa kantoma burinsa bi da bi: ya ceto kamfanin, in ba zai yiwu ba ya samo wa masu bashi gaba ɗaya abin da ya fi na rufewa, in wannan ma ya faskara ya sayar ya biya masu jingina da masu fifiko. Muddin yana kan aiki, ba mai taɓa jinginarsa sai da yardarsa ko izinin kotu, har da wanda ya ba da mota ko inji a kan biya sannu-sannu. Yana iya sayar da kayan da ke ƙarƙashin jingina mai shawagi kamar ba jingina a kansu, fifikon mai ita ya koma kan kuɗin. Kafaffiya kuwa sai kotu ta yarda, kuma kuɗin mai jinginar za a ba. Wa'adinsa shekara ɗaya ne, ana iya ƙarawa. Wato haƙƙin bai ɓace ba, jinkirta shi aka yi, amma jinkiri a kan injin da ke tsatsa ko naira da ke faɗuwa asara ce ta gaske.

Sulhu da masu bashi ta hannun kotu, wanda ke buƙatar amincewar masu kashi uku cikin huɗu na darajar bashin da suka kaɗa ƙuri'a, shi ma yana zuwa da dakatarwar wata shida a sashe na 717. Mai jingina na iya neman kotu ta cire shi in ya nuna kadarar da ya riƙe ba ta cikin dukiyar da sulhun ya shafa. Ɗaya nau'in sulhun, wanda daraktoci ke kawowa ba tare da dogon zaman kotu ba, ba ya taɓa haƙƙin mai jingina sai da yardarsa.

Sai jinginar ƙurarren lokaci. Kamfani na tangal-tangal, wani mai bashi da ke da kusanci da shugabansa ya matsa a ba shi jingina kan tsohon bashi. Sashe na 658 ya ba da damar soke duk fifikon da aka yi wa wani cikin wata uku kafin karyewa, in kuma na jikin kamfanin ne, kamar darakta ko ɗan'uwansa, ana komawa baya har shekara biyu. Sashe na 662 kuma ya ce jingina mai shawagi da aka ƙulla cikin wata uku kafin fara rufewa ba ta da ƙarfi sai gwargwadon sabon kuɗin da aka zuba lokacin ƙulla ta ko bayansa, sai fa in an tabbatar kamfanin na da halin biyan bashinsa a lokacin.

Ɗan kasuwar da ke da hulɗa da Maraɗi, Yamai, Njamena ko Garwa ya lura cewa can dokar OHADA ce ke aiki, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kanta. Rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka a kundin kasuwanci na RCCM ake yi, albashin ma'aikata na ƙarshe yana gaban mai jinginar gini ma, kuma da an buɗe shari'ar karyewa dole mai jingina ya gabatar da bashinsa cikin wa'adi kamar kowa, in ya yi sake a rufe ƙofa da shi a waje.

A Najeriya, in an kai ga rufe kamfani, mai kafaffiyar jingina na da sararin da wasu ba su da shi. Sashe na 577 ya ɓata duk wani kamun kaya da aka yi bayan fara rufewa, amma ya keɓe kafaffiyar jingina da duk wata cikakkiyar jingina wadda ba mai shawagi ba. Zaɓinsa huɗu ne: ya tsaya kan jinginarsa bai shiga rabo ba, ya sayar ya shigar da giɓin da ya rage, ya ƙiyasta darajarta ya shigar da bambancin, ko ya sallama ta ya shiga rabo da dukkan bashinsa, abin da ba a yi sai in kadarar ba ta da wata daraja. Lamunin da darakta ya tsaya da kansa, ko gidansa da ya jinginar saboda bashin kamfani, ba dukiyar kamfani ba ne, ana iya bin su daban. Wurin da ƙafa ke zamewa shi ne taron masu bashi. Ƙa'idojin rufe kamfani na 2001 sun ce mai jingina da giɓinsa kawai zai kaɗa ƙuri'a, bayan ya bayyana jinginar da darajar da ya yi mata. In wakilinsa ya cike fom ya kaɗa da dukkan miliyan 800 bai ambaci fili da injinan ba, ana ɗauka ya sallama jinginar, sai dai in ya gamsar da kotu cewa mantuwa ce.